Kada a Ƙona Akwatin Tashar Laranto

Daga:
Ummusalma Ɗanbala,
Layin Maɗinka, bayan kasuwa,
Laranto, Jos.

Zuwa ga:
Mai Girma Darakta,
Rumbun Jinin Gado na Ƙasa,
Reshen Jos.

Litinin, 9 ga Maris, 2009.

GAME DA: Ƙorafi kan shirin ƙona jinin da aka ɗiba daga mutanen tashar mota ta Laranto, da roƙon a miƙa mana shi mu binne.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. A garin nan yanzu idan an tambayi lafiyar mutum da gaske ake tambaya, ni ma da gaske nake.

Ni ce Ummusalma, mai ɗinkin kayan 'yan makaranta a Laranto, matar Malam Ɗanbala Ɗanbaba, direban bas kuma shugaban direbobin ƙaramar tashar da ke bayan kasuwarmu. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa kiran sunansa da bakina ba, yau ga shi na rubuta da hannuna, saboda na gane ofis bai san wani wai shi maigida ba. Daga nan zan koma kiransa yadda na saba, wato Baban Sumayya.

Dalilin wannan takarda shi ne, an shaida mini cewa ofishinka ya tsayar da ranar Juma'a, 27 ga wannan wata na Maris, don ƙona jinin da ya lalace a ma'ajiyarku. A cikin wannan jini akwai na Baban Sumayya. Ya ɓace a rikicin watan Nuwamba, ba mu ga gawarsa ba, kuma iyakar sanina 'yar kwalbar da jininsa ke ciki ita kaɗai ce ta rage daga jikinsa a bayan ƙasa. Ina roƙon ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe, domin na yi ta ƙoƙarin faɗa da baki a ƙofar ofishinka ba a bar ni na kai ƙarshe ba ko sau ɗaya.

ASALIN MAGANA

A farkon shekarar 2007 ma'aikatanku suka zo tashar Laranto ƙarƙashin jagorancin Dakta Nkiruka. Ta yi bayani cewa ana son gina rumbun jini na ƙasa baki ɗaya, a tara daga kowane yanki, a riƙa nazarin ƙwayoyin halitta da 'ya'ya ke gado daga iyaye, abin da ta kira DNA, don a gano bakin zaren cututtuka irin su sikila da hawan jini da ciwon suga. Tana cikin magana direbobi suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna yana da fasinja.

Ba allura suke tsoro ba, ranka ya daɗe. Kai ma mazaunin Jos ne, ka san tambayar da ke cin mutane a garin nan tun 2001, wato wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo. Kakan Baban Sumayya ya zo Naraguta zamanin haƙar kuza, a nan ya mutu, a nan aka binne shi da ɗansa, amma har gobe ana tambayar jikansa daga ina ya zo. Sai magana ta bazu a tasha cewa jinin nan za a karanta a ware mutane, a ce wannan na nan ne, wannan a koma da shi inda ya fito. Kiristocin tashar ma ba su yarda ba. Pwajok, abokin aikinsa, mutumin Kabong, ya ce shi ba zai bari a ajiye sunansa da ƙabilarsa da addininsa a cikin firji ba, don bai san hannun wa mabuɗin zai faɗa gobe ba.

Baban Sumayya shi kaɗai yake so a yi. Ɗiyarmu ta fari, Sumayya, sikila ce ta ɗauke ta a 2005 tana da shekara shida. Shi ne yake kwana yana danna mata ƙafafu idan ciwon ya tashi, kuma bai taɓa warkewa daga rashinta ba. Ya ce idan cokali biyu na jininsa zai sa wani uba ya huta da abin da ya gani, to a zo a ɗiba.

Saboda haka ya tara mutanen tasha, ya kafa wa Dakta Nkiruka sharaɗi a gaban kowa: kada a rubuta suna a jikin kowace kwalba, kada a rubuta ƙabila, kada a rubuta addini, kuma kada a ajiye wata takarda a ko'ina da za ta nuna kwalbar wane ce wannan. A zuba su duka a akwati ɗaya, a rubuta Tashar Laranto a bayansa, shi ke nan. Dakta ta yi gardama sosai. Ta ce hakan zai rage amfanin binciken, kuma ko an ga wata cuta a jinin mutum ba za a san wanda za a gaya wa ba. Ya ce mata sun ji, sun yarda. Ta kai maganar ofishinku, aka amince.

Ranar Asabar, 12 ga Mayu, 2007, shi ya fara naɗe hannun riga. Mutumin da ko maganin zazzaɓi sai na yi ta lallashi kafin ya yarda a yi masa allura, ya dawo gida da 'yar auduga manne a hannu yana nuna wa maƙwabta kamar wanda ya dawo daga yaƙi. Na ce masa ai ko sauro ya fi su ɗiba, ya ce sauro ba ya ba da lemon kwalba. Bayansa Pwajok ya miƙa hannu, sauran suka biyo, direbobi da 'yan kamasho da masu faci da masu sayar da kayan gyaran mota, Musulmi da Kirista, mutum sittin da wani abu. Ma'aikatanku sun sha faɗa cewa ba don shi ba da ba su samu ko kwalba goma a Laranto ba.

Ranar Juma'a, 28 ga Nuwamba, 2008, da safe, ya fita don ya kawar da motocin tasha daga bakin hanya, saboda an fara jin hayaniya. Ya ce in ɗora ruwan shayi yanzu zai dawo. Bayan rikici ya lafa aka ga motarsa a ƙone a kan hanyar Farin Gada, babu kowa a ciki. Na bi gawawwakin da aka jera a babban masallaci ina ɗaga zane ina dubawa. Na je ɗakunan ajiye gawa na asibitoci. Wasu fuskokin ana gane su, wasu kuwa wuta ba ta bar abin ganewa ba, kuma kafin in gama dubawa an kwashe su an binne a rami ɗaya, don ba za su iya jira ba. Ba na zargin kowa a kan wannan. Har yau malamai sun rabu a kaina, wani ya ce in shiga takaba, wani ya ce in jira. Mahaifiyarsa, Hajiya Fadimatu, tsohuwa ce mai ciwon ƙafa, kullum tambayarta ɗaya, a nuna mata inda aka sa ɗanta ta je ta yi masa addu'a kafin ta bi shi.

A tsakiyar watan Janairu ina ninke kayansa na ga rigar da ya sa ranar ɗibar jini, sai na tuna da ku. Ga ƙorafina, ɗaya bayan ɗaya.

ƘORAFE-ƘORAFE

1. Yadda aka karɓe ni. Na fara zuwa ofishinku ranar Alhamis, 15 ga Janairu. Aka ce oga ba ya nan, na zauna a benci har aka tashi aiki. Na dawo mako na gaba, aka ce oga yana taro. Sai ranar Talata, 3 ga Fabrairu, aka haɗa ni da Mista Robert, jami'in da ke kula da ma'ajiya, kuma a tsaye ya saurare ni a baranda, mabuɗin mota a hannunsa. Ban zo neman aiki ba, ban zo neman taimako ba. Matar mutumin da ya cika muku akwati ce ta zo tambayar ajiyar mijinta, ko kujera ba a ba ta ba.

2. Ɓoye mana labarin lalacewar jinin. A wannan tsayuwa ta baranda na fara jin cewa lokacin dokar hana fita man janareta ya ƙare, babu mai iya kawowa, firji ya mutu kwana da kwanaki, jinin da ke ciki ya narke ya tashi daga aiki. Ranka ya daɗe, ba zan ce wani ya fito cikin harbi don ya ceci firji ba. Ni ma da na san abin da ke waje da na riƙe rigar Baban Sumayya ban bar shi ya fita don mota ba. Amma Dakta Nkiruka ta ce mana wannan ajiya za ta kai jikokinmu, kuma alkawari kaya ne. Ranar karɓa kun zo da lasifika da rumfa da lemon kwalba. Ranar da ajiya ta lalace ko ɗan aike ba ku turo tasha ba, har wata biyu suka wuce. Na nemi ganin Dakta, aka ce ta bar Jos da 'ya'yanta tun Disamba. Ban ga laifinta ba, amma ita ta tafi, ofis ɗin bai tafi ba.

3. Kalaman jami'inku. Da na roƙi a ba ni kwalbar mijina in binne, Mista Robert ya dube ni ya ce, ga kalmominsa kamar yadda suka fito: "Madam, wannan ba mijinki ba ne, shara ne. Shara mai haɗari, ƙonawa ake yi." Na san mai yiwuwa haka aka rubuta a littafin aikinsa, kuma na san shi ma an ƙona gidan ƙanwarsa, don ya faɗa mini daga baya. Ba na neman a kore shi ko a rage masa girma. Ina so dai a rubuta a wani wuri a ofishinka cewa an faɗa mini haka, kuma ya yi mini ciwo fiye da yadda zan iya rubutawa a takardar ofis. Na koma gida ranar ban iya taka keken ɗinki ba.

4. Ƙonawar kanta. Wannan shi ne babban ƙorafina. Mu abin da ya fita daga jikin ɗan Adam ba ma jefar da shi, balle mu sa masa wuta. Idan mace ta haihu, binne mabiyiya ake yi a bayan ɗaki. Idan wanzami ya yi ƙaho, rami yake tonawa ya zuba jinin ya rufe. Gashin askin suna ma ba a barinsa a iska. Na tambayi matar Pwajok, ta ce su ma a wajensu binne mabiyiya ake yi, ba wanda zai kai ta murhu. A duk bayanin da aka yi a tasha, da Hausa da Turanci, babu wanda ya ambaci wuta. Da an ambata, na rantse da Allah ko Baban Sumayya ba zai miƙa hannu ba.

Kuma ranka ya daɗe, ka dubi wace wuta ake magana, a wane gari, a wace shekara. Na ga abin da wuta ta yi wa mutane a watan Nuwamba da idona, na ɗaga zane na gani. Ban san yadda mijina ya mutu ba, amma na ga motarsa. Idan zatona gaskiya ne, to an ƙona shi sau ɗaya a kan titi, waɗanda suka yi ban san su ba, Allah ya san su. Yanzu kuma ofishin gwamnati, da takarda da hatimi da safar hannu, zai ƙona ragowar, kuma ranar Juma'a aka zaɓa. Wannan karon na san wanda zai yi, na san ranar, shi ya sa nake rubutu.

5. Maganar suna. Mista Robert ya ce ko da yana so ya ba ni, ba zai iya ba, domin babu mai iya nuna kwalbar Baban Sumayya a cikin akwatin, kuma mijina ne da bakinsa ya hana a rubuta suna. Gaskiya ya faɗa, ban kawo wannan a matsayin laifinku ba. Kun cika wannan sharaɗi, na gode. Ba zan ɓoye ba, na yi kwanaki ina fushi da Baban Sumayya, ina cewa a raina ga irin taurin kanka nan, ka kare kowa ka bar ni da akwati. Daga baya na zauna na tuna yadda aka riƙa tsayar da mutane a hanya a watan Nuwamba ana tambayar sunansu, sunan ne ke kashe su ko ya tsirar da su. Sai na gane abin da ya hango, fushin ya tafi ya bar ni da kewa kawai.

Abin da nake ƙorafi a kai shi ne a mayar da sharaɗinsa ya zama dalilin ƙona shi. Idan ba a san wacce ce tasa ba, amsa mai sauƙi ce: a ba mu akwatin duka. Yana ciki, wannan dai babu shakka. Waɗanda aka binne a rami ɗaya a watan Nuwamba ma ba a san wane ne wane ba, kuma ba a fasa binne su ba.

6. Izinin da aka ce in kawo. Ranar Talata, 24 ga Fabrairu, na gabatar da wannan shawara. Aka ce ba za a ba ni jinin wasu ba sai da izinin masu shi. Na tambaya ko an nemi izininsu kafin a sa ranar ƙonawa, ba a ba ni amsa ba. In za a ƙona babu buƙatar izinin kowa, in za a binne sai kowa ya yarda. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma wannan hukunci ban gane kansa ba.

Duk da haka na tafi nema. Tashar yanzu ta rabu biyu, namu suna lodi a tsohon wuri, su Pwajok sun koma wani gefe, ba mai shiga wajen wani. Na shiga Kabong da hijabina, abin da 'yan'uwana suka ce hauka ne, matar Pwajok ta tare ni a bakin titi ta riƙe hannuna har gidansu. Da na yi wa Pwajok bayani sai ya ce: "Maman Sumayya, jinin nan ya riga ya kwana tare kusan shekara biyu, bai yi faɗa ba. A sa nawa kusa da na oga, mijinki." Shi ya bi Kiristocin tasha gida gida, ni na bi namu.

Ba zan yi maka ƙarya in ce kowa ya yarda ba. Wasu sun bar gari, wasu sun mutu a rikicin, daga ɓangarorin biyu, kuma iyalan mutum uku daga cikinsu su ma ba su ga gawa ba, suna tare da ni a wannan roƙo. Okey, mai sayar da kayan gyaran mota, wanda aka ƙona shagonsa aka kashe ƙaninsa, ya ce ba ya son ko ɗigon jininsa ya shiga ƙasa ɗaya da na mutanen da suka yi masa haka. Na ce masa Baban Sumayya ba ya cikinsu, ya ce ya sani, amma bai san sauran ba. Ban ja da shi ba, don ni ma ban san waɗanda ke cikin akwatin nan duka me suka yi a waɗannan kwanaki ba. Da zan tafi ya ce in yi abin da na ga dama, shi ya gama da Jos. A namu ɓangaren Bala mai shayi ya ce haramun ne a haɗa jinin Musulmi da na wanda ba Musulmi ba a rami ɗaya. Na kai maganar wurin limamin unguwarmu, Malam Sharafaddeen. Ya ce jini ba gawa ba ne, ba a yi masa wanka, ba a yi masa salla, binnewa dai girmamawa ce ga ɗan Adam, kuma ƙasa ta fi wuta ko ta wace fuska. Bala bai ce ya yarda ba, amma ya daina magana.

Ranar Talata, 3 ga Maris, waɗanda suka yarda suka zo ƙofar ofishinka da ƙafafunsu. Mutanen da ba su haɗu ba tun Nuwamba, namu suka tsaya ta wannan gefen ƙofa, su Pwajok ta wancan, ba gaisuwa sai ɗaga hannu. Sun bar lodi, sun bar shago, sun tsallaka unguwannin da ba sa tsallakawa. Mista Robert ya fito ya ce babu wata shaida da ke nuna waɗannan mutane su ne masu jinin da ke cikin akwatin, tunda babu suna. Pwajok ya naɗe hannun riga ya nuna masa wurin da aka soka allura, kamar tabon zai jira shekara biyu. Aka rufe ƙofa, kowa ya koma ta hanyar da ya zo. Wato an aike ni neman abin da tun farko an san ba za a karɓa ba, kuma na sa mutane cikin haɗari a banza.

ABIN DA NAKE ROƘO

Bisa ga abin da ya gabata, cikin ladabi da biyayya nake roƙon Mai Girma Darakta:

Na farko, ya ba da umarni a rubuce a dakatar da ƙona akwatin da aka rubuta wa Tashar Laranto, kafin ranar Juma'a, 27 ga Maris.

Na biyu, ya miƙa mana akwatin a rufe yadda yake. Ba ma son buɗewa, ba ma son taɓa kwalba ko ɗaya. Idan ana tsoron cuta, ma'aikacin lafiya na ofishinku ya biyo mu, ya faɗi zurfin ramin da yake so, ya zuba duk maganin da doka ta ce, mu namu tono ne da rufewa. Maƙabartarmu ba za ta karɓa ba, ta coci ma haka, don haka Pwajok ya ba da gefen gonarsa a Naraguta, can sama da tsohon kududdufin kuza, inda ruwa ba ya kwanciya. Malam Sharafaddeen ya ce zai zo ya tsaya, Pwajok ya ce fastonsu ma zai zo, kowa ya yi addu'arsa a gefensa. Za mu ɗauko Hajiya Fadimatu a mota. Na san ba kabari ba ne, ita ma ta sani, amma da babu gara ba daɗi. Wuri muke so da za mu nuna wa ɗana Abdulfatah idan ya girma ya tambaya.

Na uku, a aika wa sauran unguwannin da aka ɗebi jininsu labarin abin da ya faru da abin da ake shirin yi. Na tabbata ba ni kaɗai ce a Jos mai irin wannan buƙata ba, sauran ba su sani ba ne kawai. Idan kuma ana da niyyar sake cika rumbun nan wata rana, mutanen da za a sake roƙa su miƙa hannu suna kallon abin da za a yi da na farko. Ni ba na gaba da aikinku. Sumayya tana ƙasa, kuma har yanzu ina so a samo maganin abin da ya kashe ta.

Na huɗu, idan duk wannan ya gagara, idan dokar ofis ta fi ƙarfin Mai Girma Darakta, to a sanar da ni wuri da lokaci, a bar ni in tsaya a wurin har wutar ta mutu, a ba ni tokar. A karo na farko ina gida ina jiran ruwan shayi ya tafasa. Wannan karon ba zai shiga wuta ba ni ina wani wuri.

Abu na ƙarshe ƙarami ne, ba ya buƙatar taro ko hatimi. Na sayi farin alawayyo na likkafani tun watan Disamba, yana nan a ninke a kan keken ɗinkina, ban sami wanda zan sa wa ba. Ban taɓa ganin akwatin ba, kuma ba a yanka yadi da ka. Ina roƙon a sa wani ya auna mini tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa, a ba Pwajok da zai kawo wannan takarda, don in yanka in ɗinka kafin ranar.

Ina jiran amsar Mai Girma Darakta da kyakkyawan zato. Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya tsare ka da iyalinka, ya sa duk ranar da naka ya cika a sami gawarsa a binne.

Ni ce mai biyayya gare ka,

Ummusalma Ɗanbala,
matar Baban Sumayya,
Laranto, Jos.